Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Ke Yoyo: Gidajen Ƙarfen Birtaniya a Bakin Mazaunansu

Gabatarwa

A garin Luton da ke arewa da Landan akwai wata unguwa da ake kira Tin Town, wato Unguwar Kwano. Bakin jama'a ne ya raɗa mata wannan suna, domin gidajen da aka jera a cikinta bayan Yaƙin Duniya na Biyu ƙashinsu na ƙarfe ne, kuma an lulluɓe hawansu na sama da fallayen ƙarfe masu kama da kwanon rufi. Irin waɗannan gidaje suna nan warwatse a Ingila da Sikotilan da Wels. Wasu an rushe su, wasu an yi musu sabuwar riga ta yadda baƙo zai wuce bai gane su ba, wasu kuma suna tsaye yadda aka kafa su.

Duk wanda ke son sanin adadin gidajen, ko nauyin ƙarfen da suka ci, ko kuɗin da gwamnati ta kashe, zai same shi a ma'adanar takardu. Abin da ba zai samu a can ba shi ne yadda zama a cikinsu ya kasance: abin da uwar gida ta ji ranar da ta fara murɗa famfo ruwan zafi ya zubo, da yadda yaro ya kwana cikin sanyin da ke ratsa bangon ƙarfe. Wannan sani yana ƙirjin mazauna ne, su kuwa kullum raguwa suke yi. Maƙalar nan za ta bi asalin waɗannan gidaje da halin da suka shiga daga baya, sannan ta nuna dalilin da ya sa tattara abin da mazaunansu ke tunawa ya zama aikin gaggawa, da kuma yadda ya kamata a yi shi don kada a tara daɗin baki a ce tarihi ne.

Ƙasar da ta wayi gari babu matsuguni

Daga Satumban 1940 zuwa Mayun 1941 jiragen yaƙin Jamus sun yi ta luguden wuta a kan Landan da Coventry da Libaful da Hull da sauran garuruwan masana'antu da na tashoshin ruwa. A 1944 kuma aka shiga zamanin bama-bamai masu tashi da kansu, V-1 da V-2. Kafin yaƙin ya ƙare an lalata ɗaruruwan dubban gidaje ƙurmus ko kuma sun zama ba su zaunuwa, miliyoyi kuma sun taɓu. A tsawon shekarun nan shida ginin gidaje ya kusa tsayawa cak, gyara ma sai na dole. Magina da kafintoci sun tafi soja, har ma'aikatan gini suka ragu da fiye da rabi. Jan bulo ya yi ƙaranci, katako kuwa mafi yawansa daga waje ake shigo da shi, ga kuɗin ƙasashen waje ya ƙare.

A gefe guda kuma aure ya yawaita a lokacin yaƙi, haihuwa ta ƙaru bayansa. Soja ya dawo daga fagen fama ya tarar da matarsa da 'ya'yansa a ɗaki guda a gidan surukai. Matsin ya kai ga cewa a bazarar 1946 dubban iyalai suka kwashi komatsansu suka shige barikokin sojan da aka bari babu kowa, ba tare da izinin hukuma ba. Ba ma bama-bamai kaɗai suka jawo wannan hali ba. Tun kafin yaƙi talakan birni na zaune ne a tsofaffin gidajen haya masu danshi, makewayi a bayan gida, wani lokaci gidaje da yawa na tarayya a kan guda. Ƙidayar 1951 ta nuna cewa fiye da kashi ɗaya bisa uku na iyalai ba su da kafaffen bahon wanka a gidajensu.

Daga kayan yaƙi zuwa kayan gida

Gwamnati ta hango wannan matsala tun ana tsakiyar yaƙi. A 1942 ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Sir George Burt don ya binciki hanyoyin gini waɗanda ba su dogara da jan bulo da gwanayen magina ba. Tunanin mai sauƙi ne: masana'antun da suka iya ƙera jiragen sama da motocin yaƙi dubu-dubu za su iya ƙera sassan gida, a ɗora a mota, a kai fili a harhaɗa. A watan Maris na 1944 Firayim Minista Winston Churchill ya yi wa jama'a alkawari ta rediyo cewa za a samar da gidajen wucin gadi har rabin miliyan. Cikin shekarar aka kafa samfurin farko a harabar gidan zane-zane na Tate a Landan don mutane su shiga su gani. Sunan Ministan Ayyuka, Lord Portal, aka sa masa, kuma da fallayen ƙarfe aka matse shi kamar yadda ake matse jikin mota. Sai dai wannan samfuri bai kai ga yaɗuwa ba, saboda yaƙi bai gama cin ƙarfe ba tukuna.

Dokar gidajen wucin gadi ta 1944 ta ware fam miliyan 150, aka kuma buɗe ƙofa ga kamfanoni su kawo nasu fasali. Daga ciki akwai Arcon, mai ƙashin ƙarfe da rigar fallayen siminti gauraye da asbesto, wanda aka kafa kusan 39,000. Akwai AIROH na sanholo, wanda masana'antun jiragen sama suka ƙera, ana kawo shi gida huɗu a kan manyan motoci a haɗa. Shi an yi fiye da 54,000. Akwai Uni-Seco mai ƙashin katako, da Phoenix mai ƙashin ƙarfe, da wasunsu. Jimillar abin da aka kafa a ƙarƙashin shirin ta tsaya a 156,623, ƙasa da sulusin abin da Churchill ya ambata, kuma kuɗin kowane gida ya zarce ƙiyasin farko nesa ba kusa ba. An ƙaddara musu rayuwar shekara 10 zuwa 15.

Bayan zaɓen Yulin 1945 jam'iyyar Leba ta karɓi mulki, harkar gidaje ta faɗa hannun Ministan Lafiya, Aneurin Bevan. Shi bai ɗauki gidan wucin gadi da daraja ba. Burinsa shi ne ƙananan hukumomi su gina wa ma'aikata gidaje na dindindin, masu faɗi da inganci. Amma ƙarancin bulo da magina bai gushe don an sauya gwamnati ba. Nan ne gidan ƙarfe na dindindin ya samu shiga.

Gidan BISF

Sunan ya samo asali ne daga haruffan farko na ƙungiyar masana'antun ƙarfe ta Birtaniya, wadda ta ɗauki nauyin fasalin don ta nema wa ƙarfenta kasuwa bayan yaƙi. Wanda ya zana shi shi ne Frederick Gibberd, mutumin da daga baya ya tsara sabon garin Harlow, kuma ya zana Babban Masallacin Landan da ke gefen Regent's Park. An gwada samfurinsa a Northolt a 1944, aka fara kafa shi da yawa daga 1946, har adadinsa ya haura 30,000.

Gida ne mai hawa biyu da ɗakunan kwana uku, galibi biyu-biyu manne da juna. Ana zuba harsashin kankare, a kafa siraran ginshiƙan ƙarfe a ɗaure su da noti. Hawan ƙasa ana yi masa shafen siminti a kan ragar ƙarfe, hawan sama a lulluɓe shi da fallayen ƙarfe masu gwauri, rufi kuma na asbesto. Tagogin ma firam ɗinsu ƙarfe ne. Daga ciki ana rufe bango da allunan filasta ko na matsattsen zare. Amfanin wannan tsari shi ne leburan da bai taɓa ɗora bulo ba zai iya koyon ɗaure noti cikin 'yan kwanaki, kuma da zarar ƙashi ya tashi an yi rufi, sauran aiki na iya ci gaba ko ana ruwa.

Iyakar abin da takardun injiniyoyi ke faɗa ke nan, kuma sun faɗe shi dalla-dalla. Daga bakin ƙofa zuwa ciki kuwa sai a nemi mai ɗaki.

Abin da takarda ba ta rubuta ba

Hirarrakin da aka yi da mazaunan gidajen nan, na wucin gadi da na dindindin, suna yawan komawa kan abubuwa kaɗan. Na farko shi ne banɗaki da makewayi a cikin gida. Ga matar da ta saba dafa ruwa a tukunya ta juye a bahon kwano a gaban murhu, yara su shiga ɗaya bayan ɗaya a ruwa guda, famfon ruwan zafi ya sauya mata tsarin mako gaba ɗaya. A gidajen wucin gadi an haɗa madafa da banɗaki baya da baya a kan bututu guda, murhun kwal na falo kuma shi ke ɗumama ruwan. Yawancinsu har da firiji a ciki, a zamanin da 'yan ƙalilan ne ke da shi a faɗin ƙasar. Na biyu shi ne fili. Mutanen da suka taso a lungunan da rana ba ta shiga sun samu lambu gaba da baya, suka shuka dankali da kabeji a lokacin da abinci sai da katin rabo. Na uku shi ne maƙwabtaka. Da yake an fi ba wa tsofaffin sojoji da masu ƙananan yara, unguwa kan cika da sa'o'in juna, yara su tashi tare kamar 'yan gida ɗaya. Neil Kinnock, wanda ya shugabanci jam'iyyar Leba, a irin gidan nan na wucin gadi ya tashi a Tredegar da ke Wels, haka ma ɗan wasan fim Michael Caine a kudancin Landan, kuma dukansu sun yi magana a bainar jama'a kan irin ci gaban da gidan ya zame wa iyalansu.

Amma bakin da ya yabi ruwan zafi shi ne ke ba da labarin sanyi. Ƙarfe ba ya riƙe ɗumi, abin tare sanyin da aka cusa a bango kuwa siriri ne. Da hunturu numfashin mutane da tururin girki kan taru a jikin taga su daskare, a wayi gari ƙanƙara ta kama gilashi ta ciki. Bango kan yi gumi, tufafi su yi funfuna a kabad. Waɗanda suka tare a farkon shirin sun ci karo da hunturun farkon 1947, ɗaya daga cikin mafiya tsanani a ƙarnin, ga kwal ya yi wuya. Da bazara kuma hawan sama kan ɗauki zafi. Injiniya na iya lissafa yawan ɗumin da bango ke zubarwa, amma mazauni ne ya san ɗakin da ake tara yara a cikinsa idan sanyi ya yi tsanani, da kusurwar da tsatsa ke fara ɓullowa. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo, kuma a nan maganar ta zo daidai har a zahirinta.

Akwai kuma batun suna. Laƙabi irin su Unguwar Kwano da farko ba yabo ba ne. Akwai ƙyamar da masu gidajen bulo ke nuna wa 'yan hayar ƙaramar hukuma a cikinsa. Yadda mazauna suka karɓi sunan suka mai da shi nasu, har wasu ke alfahari da shi, babu fayil ɗin da ya rubuta shi.

Tsatsa, banki da katafila

Gidajen wucin gadi sun wuce wa'adinsu, amma daga shekarun 1950 zuwa na 1970 an kwashe mafi yawansu. An mayar da mutanensu wasu unguwanni, da yawa cikin dogayen benaye, maƙwabtan shekara ashirin suka watse. Na dindindin kuwa wata ƙaddara ce ta same su. Dokar gidaje ta 1980, a zamanin Margaret Thatcher, ta ba ɗan hayar ƙaramar hukuma damar sayen gidan da yake ciki da rangwame, mutane da yawa suka saya. Ba a daɗe ba aka gano cewa wasu gidajen bayan yaƙi da aka harhaɗa da sassan kankare, irin su Airey, rodin cikinsu na tsatsa yana fasa kankaren. Dokar 1984 ta lissafa irin waɗannan a matsayin masu aibi. Gidan BISF ba ya cikin jerin, amma zargin ya shafe shi, kamar yadda wake ɗaya ke ɓata gari. Bankuna da yawa suka riƙa ɗari-ɗari da ba da rancen sayen duk gidan da ba na bulo ba, darajarsa ta faɗi a kasuwa, wanda ya zuba tanadin rayuwarsa a ciki ya rasa mai saye cikin sauƙi.

Ba a ce gidan ba shi da lahani ba. Gindin ginshiƙai kan yi tsatsa inda danshi ke taruwa, allunan zare na cikin wasu gidaje na saurin kama wuta, asbesto kuma an tabbatar ƙurarsa na kisa, har aka haramta shi baki ɗaya a Birtaniya a 1999. Maganin da aka fi yi shi ne a sauya rufi da tagogi, a manna wa bango abin tare sanyi daga waje a shafe. Wannan ya kyautata rayuwar mazauna, ba mai musu. Sai dai ya shafe fuskar gidan, ta yadda jikan da aka haifa a ciki zai iya girma bai san ƙarfe ne ke riƙe da rufin da ke kansa ba.

Masu ƙoƙarin ceto

An yi ƙoƙarin adana gine-ginen kansu. Gidan tarihi na Avoncroft da ke Bromsgrove ya ɗauko wani Arcon ya sake kafa shi, na St Fagans kusa da Cardiff yana da na sanholo, kuma an sa jerin gidajen Phoenix na titin Wake Green a Bamingham cikin gine-ginen da doka ta kare. Wannan aiki ne mai kyau, amma gidan da aka ɗauke daga unguwarsa aka jera masa kujeru da kwanuka ya zama kamar riga a rataye: ana ganin ɗinkin, ba a ganin tafiyar mai ita.

Darasi mafi girma ya fito ne daga unguwar Excalibur da ke Catford a kudu maso gabashin Landan, inda fursunonin yaƙi Jamusawa da Italiyawa suka yi aikin kafa gidaje 187 a 1945 da 1946. Ko da yake ƙashinsu na katako ne, 'yan shiri ɗaya ne da na ƙarfen. A 2009 aka ba shida daga cikinsu kariyar doka, sauran kuwa aka yanke shawarar rushe su a gina sababbi. A 2014 mai ɗaukar hoto Elisabeth Blanchet, wadda ta shafe shekaru tana bin irin waɗannan gidaje da mutanensu, ta buɗe ɗan gidan tarihi a cikin ɗaya daga gidajen da aka tashi. Tsofaffin mazauna suka yi ta zuwa da hotuna da labarai. Kafin shekarar ta ƙare gobara ta cinye gidan. Daga nan ita da abokiyar aikinta Jane Hearn suka mayar da aikin na yawo: suna zuwa gari-gari, suna naɗar muryoyi, suna kwafar hotuna, suna sa wuraren a taswirar intanet. Wuta ta ci bango da rufi, amma abin da aka riga aka naɗa aka rarraba ya tsira. Ke nan murya, duk da rauninta, tana iya fin gini daɗewa idan an kama ta a kan lokaci.

Kowa ya tuna bara

Akwai masu cewa tunanin tsofaffi ba abin dogaro ba ne, kuma maganarsu na da ƙamshin gaskiya. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Wanda ya tare yana ɗan shekara 5 a 1947 yanzu ya haura 80, kuma abin da yake tunawa ƙuruciyarsa ce, lokacin da iyayensa ke raye. Ba shi ya biya haya ba, ba shi ya goge funfuna ba. Waɗanda suka yi waɗannan ayyuka kusan duk sun riga mu gidan gaskiya. Haka kuma wanda ya ƙi jinin gidan ya tashi tun da wuri ba ya zuwa taron tunawa, saboda haka masu ƙaunarsa ne ake yawan ji. Ko a Excalibur, da aka ba mazauna damar kaɗa ƙuri'a, masu son a rushe a gina sababbi ne suka yi rinjaye. Tarihin da ya naɗi kukan masu adawa kaɗai ya bar rabin unguwa a waje.

Wannan ba hujjar barin aikin ba ce, sharaɗin yin sa da kyau ne. Mai tattarawa ya nemi mata musamman, domin su suka fi sanin cikin gida. Ya nemi wanda ya tashi da wanda ya zauna, ɗan haya da wanda ya saya, da leburan da ya ɗaure noti idan akwai sauransu. Ya tambayi waɗanda ba su samu gidan ba, domin ƙa'idar sai mutum ya daɗe a yanki kafin a sa shi a layi ta bar baƙi da yawa a baya, ciki har da waɗanda suka zo daga ƙasashen rainon Ingila. Ya yi hirar a cikin gidan idan yana nan, domin ƙofa da matakala kan tuna wa mutum abin da tambaya ba za ta tono ba. Ya gwada abin da ya ji da katin biyan haya da hotuna da takardun ƙaramar hukuma. Ya nemi izinin mai magana, ya bar masa kwafi, sannan ya ajiye naɗin a wuri fiye da ɗaya. Idan mazauni ya rikita shekara, takarda za ta gyara masa. Idan takarda ta ce gida ya cika ƙa'ida, mazauni zai faɗi ko an iya barci a ciki.

Kammalawa

Mu Hausawa mun ga amfanin irin wannan aiki a kanmu. A ƙarshen 1949 da farkon 1950, daidai lokacin da ake ƙarasa ɗaure gidajen ƙarfe a Birtaniya, Mary Smith ta zauna da wata tsohuwa a ƙasar Zazzau ta rubuta labarin rayuwarta daga bakinta. Baba ta Karo ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954. Da an jinkirta shekara biyu, da abin da muka sani game da rayuwar matan karkara kafin zuwan Turawa da bayansa ya ragu ƙwarai, alhali rahotannin Razdan da Di'o suna nan cike da akwatuna.

Gidajen ƙarfen Birtaniya shaida ne na lokacin da ƙasar da yaƙi ya talauta ta yanke shawarar cewa lebura da tsohon soja sun cancanci banɗaki da lambu. Ko shirin ya cika alkawarinsa ko bai cika ba, masu ba da amsa su ne waɗanda suka kwana a ciki, kuma shekarun da suka rage a tambaye su ba su da yawa. Ƙarfe na ba da sanarwa kafin ya karye, domin tsatsa na fitowa a gani a kankare. Tsoho kuwa yau yana zaune a falo yana jiran mai tambaya, gobe sai a zo a tarar 'ya'yansa na kwashe hotuna a kwali. Mu ma da ke da tsofaffin barikokin 'yan reluwe da rukunin gidajen Shagari, akwai dattijai a cikinsu da ba a taɓa tambayarsu yadda ranar tarewa ta kasance ba, kuma wayar da ke aljihun kowane ɗalibi ta isa ta naɗi amsarsu.